Masuncin Wudil a Rafin Virginia

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A masallaci a tare ni, a gidan abincin da muke haɗuwa a Harlem a tare ni, har wani ya kira ni ina tsakiyar tuƙi don ya ji ko da gaske ne namun daji na yawo a ƙofar ɗakin da muka kwana. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tun daga tushe, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ga waɗanda ba su san Baba ba, masunci ne na Wudil, kuma ɗan masunta. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a bakin kogi yana cikin gyaran birgi, ragarsa ta kamun kifi. Na yi ta faɗi-tashi har Allah ya sa aka ba shi biza, na kawo shi wurina a unguwar Mount Hope. Ƙafar ta dawo, yana takawa da sanda, bakin ma ya saki. Hannun dama ne ya ƙi. Likitar da ke yi masa gashin ƙashi ta gaya min ba ɓoye-ɓoye: akwai sauran rai a hannun, amma sai mai shi ya motsa shi. In aka bar shi kwance a cinya yatsun za su naɗe, in kuwa suka naɗe to sai haƙuri.

Baba ya ce shi ya gama. Ya daina zuwa gashin. Ƙwallon robar da aka ba shi ya riƙa matsawa ta gangara ƙarƙashin kujera, ya hana a ciro ta. Hannun ma ya daina kiransa hannu, sai dai "abin nan". Ya kafa kujerarsa a bakin taga yana kallon motocin titin Grand Concourse, maganarsa ɗaya ce safe da yamma: a saya masa tikiti ya koma gida ya jira lokacinsa. Ni kuwa aikina ɗaukar marasa lafiya a mota zuwa asibiti. Kullum ina lallashin iyayen wasu su shiga mota, nawa ya gagare ni. Abin ya dame ni har abinci ya daina yi min daɗi.

Bitrus ne ya kawo shawarar. Abokin aikina ne, mutumin Kafanchan, yana auren wata 'yar Virginia, kuma surukinsa ne ya koya masa kamun kifi irin na can. Duk Litinin sai ya ishe mu da hotuna a waya, ga shi riƙe da wannan kifi, ga shi riƙe da wancan. Da na gaya masa damuwata sai ya ce, "Habu, mutumin ruwa ka kulle a bene. Kawo shi ya ga ruwa kawai, mu ga abin da Allah zai yi."

Da na faɗa wa Baba, sai ya juyo daga tagar, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Da kifi a wurin?"

"Bitrus ya ce sai ka gaji da kamawa."

Sai ya ce, "To a nemo tana."

Haka na ɗauki cokali da gwangwani na tafi lambun unguwa ina tonon tana, masu yawo da karnuka suna ratse ni suna waiwaye. Hadiza, maiɗakina, ita ma ba ta zauna ba. Ta gaya wa Hajiya Mariya 'yar Maraɗi da ke ƙasanmu, Hajiya ta gaya wa Anti Fati 'yar Kumasi, kafin Juma'a duk benen ya san cewa Baba zai je su. Kowa ta faɗi nata, wannan ɗanye take so na farfesu, waccan banda. Muka gangara layin 125 muka yi sayayya: ƙatuwar kula, gishiri, wayar banda, manja, daddawa, tattasai. Hadiza ta ɗora tukunya a kai, ta ce ko a can za mu so mu ɗanɗana.

Ranar tafiya Bitrus ya iso bayan asuba, ya ga kayan a bakin titi. Ya dubi kula, ya dubi wayar banda, ya buɗe baki. Sai ya ga Baba a tsaye cikin babbar riga da hula, ya riga kowa shiryawa. Ya mayar da bakinsa ya rufe, ya durƙusa ya gaishe shi, ya buɗe but ɗin mota.

Muka haye babbar gada muka faɗa New Jersey. Na gaya wa Baba cewa jihohi da dama za mu ratsa, don haka fasfonsa na aljihun gaba, yana taɓa shi lokaci-lokaci. Da rana ta ɗaga sai ya ce, "Wai yaushe za mu kai iyakar?" Na ce ai mun wuce ta tuni, ga shi har mun kusa wata. Bai yarda ba sai da na nuna masa allon da ke yi mana maraba. Babu shinge, babu ganga, babu wanda ya leƙo ya ce me ke cikin but. Shi kuwa abin da ya fi ba shi mamaki babu mai talla. Mutumin da ya saba da gadar Wudil, inda mota ba ta gama tsayawa sai tiren soyayyen kifi ya shigo ta taga, ya yi wuni rabi a hanya bai ga ko mai gyaɗa ba. Ya ce, "Ƙasa ba mai talla, to matafiyi me yake ci?"

Mun tsaya sallar azahar a wurin hutawar matafiya, muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa bayan wata ƙatuwar tirela. Muna sallamewa na ga direban, wani jibgegen mutum da zane har wuya, yana zaune da makulli a hannu. Ashe ya so tashi, ya ga muna salla, ya ƙi tayar da injin don kada hayaƙi ya buɗe mu. Ya ɗaga mana hannu ya ja motarsa. Baba ya bi shi da kallo ya ce Allah ya kai shi gida lafiya.

A Maryland asiri ya tonu. Baba ne ya tambayi Bitrus da wane irin itace suke banda a nan.

Bitrus ya gyara madubi, ya yi gyaran murya. "Baba, gaskiya akwai abin da ban faɗa ba. Mu ba ma ɗaukar kifin. In mun kama sai mu mayar."

"Ku mayar ina?"

"Cikin ruwan, Baba."

"Ya lalace ne?"

"A'a, lafiyarsa ƙalau. Rafin da za mu je ma doka ce. Kuma ba a sa tana, sai ƙudan ƙarya."

Baba ya juyo ya ce, "Habu, abokin nan naka yana shan wani abu ne?"

Na yi dariya, amma ta yaƙe ce. Na tuna matan benenmu, na tuna kular da ke baya. Abin da ya fi tsorata ni shi ne fuskar Baba, don na ga ta koma irin ta bakin taga.

A wani ɗan gari a gindin duwatsu muka tsaya yankar lasisi, don a can ko ƙugiya ba ka jefawa a ruwa sai da takarda. Mai shagon wani dattijo ne mai gemu har ƙirji. Ya tambayi ko Baba ya taɓa kamun kifi, na ce masa tun kafin ya yi wayo. Sai ya zagayo daga bayan kanta ya miƙa masa hannu. Baba ya ba shi hagu yana sunkuyar da kai, don har yau kunyar hakan yake ji. Mai shagon ya jawo wasu faranta ya nuna mana ƙudajen. 'Yan ƙugiyoyi ne ƙanana aka naɗe da gashin tsuntsu da zare, wani kamar sauro, wani kamar fara, wani kamar tururuwa, an jera su yadda ake jera 'yan kunne. Ya ce shi yake ɗaura su da hannunsa in sanyi ya hana fita. Baba ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido, ya ce wanda ya yi wannan ya san ƙwaro. A bayan shagon na juye tanata a gindin bishiya.

A ƙofar gandun dajin da rafin yake ciki, wanda suke kira Shenandoah, wata ma'aikaciya mai faffaɗar malafa ta ba mu taswira, ta ja mana kunne a kan beya. Dabba ce baƙa mai gashi, girmanta ya kai maraƙi, kuma hancinta na jin abinci daga nesa. Daga nan hanya ta fara hawa. Ni dai na yi shekaru a ƙasar nan, amma ashe ban san ta ba, benaye da jirgin ƙarƙashin ƙasa na sani. Muka yi ta hawa har kunnuwana suka toshe, sai Bitrus ya tsaya a wata kwana ya ce mu fito. Duwatsu ne shuɗaye jere bayan jere har ƙarshen gani, gajimare kuma yana ƙasa da ƙafafunmu. Baba ya dogara sandarsa yana ta salati a hankali.

Muna tsaye wata barewa ta fito da 'ya'yanta, ta dube mu, ta ci gaba da kiwonta kamar akuyar gida. Baba ya ce, "Ba mafarauta a garin nan?" Bitrus ya ce akwai, amma a nan ko ganye ba a tsinka. Manyan itatuwa sun faɗi sun bushe suna ruɓewa a banza, itacen da zai riƙe unguwa guda har damina ta wuce. Baba ya girgiza kai. Ya ce bai san ko mutanen nan wawaye ne ko kuwa sun ƙoshi ba.

Masaukinmu ɗan ɗakin katako ne a cikin itatuwa. Hadiza ta haɗo mu da dambun nama da kilishi, ga kuma daddawar da ta cika mota da ƙamshi. Bitrus ya sa muka kulle komai a akwatin ƙarfen da aka ajiye don haka, ya ce in beya ta ji daddawar nan har iyalanta za ta gayyato. Ba mu gan ta ba, don masu tambaya, amma da safe mun ga sawunta a laka kusa da mota, kuma ya fi tafin hannuna faɗi. Karin kumallo a wani ɗan gidan abinci muka yi. Aka kawo mana wani farin fate na masara, ba yaji ba tsami ba sukari. Baba ya ɗanɗana ya ce wannan kunun ba a gama shi ba.

Ranar Asabar kogin da ke kwari muka fara zuwa, inda ake kama wani kifi da suke kira bas, mai kama da ƙaramin giwan ruwa. Bitrus ya ba ni wandon roba mai zuwa har ƙirji, haɗe da takalminsa. Ban yi nisa ba na taka wani dutse mai santsi, ruwa ya cika wandon, na fito da rarrafe ina kakkarwa. Na ɗauka ko wannan zai sa Baba dariya. Yana zaune a kujerar naɗi, hannun yana kan cinya, ko murmushi bai yi ba.

Bitrus ya kama wani mai kyau, ya yi ta tsalle a kan ruwa kafin ya shigo. Na ga Baba ya ɗan ɗago, idonsa a kan zaren. Bitrus ya jiƙa hannu, ya cire ƙugiya, ya ɗaga shi na ɗauki hoto, sannan ya sunkuya ya buɗe hannu. Kifin ya tafi abinsa.

"Wannan wasa da arziki ne," in ji Baba. "Allah ya ba ka, ka ce ba ka so."

Bitrus ya kawo masa sandar kamun kifin da hannu biyu. "Baba, ku gwada ko sau ɗaya."

"Da me zan gwada? Da abin nan?"

Da yamma a masauki Baba ya kira ni. Ya ce na gode, ka yi ƙoƙari, na ga duwatsu. In mun koma ka sayi tikitin. Na fita bayan ɗakin na tsaya, raina a ɓace, ina jin haushin Bitrus da ƙudajensa, ina jin haushin kaina da na jawo tsoho wannan nisa don ya kalli ana zubar da abinci.

Da safiyar Lahadi na ce mu kama hanya kawai. Bitrus ya ce shi da ya bar coci saboda tafiyar nan ba zai koma bai gaida rafin ba, mu ba shi zuwa hantsi. Muka bi wata hanyar tsakuwa har inda ta ƙare, muka taka kaɗan, ina riƙe da Baba.

Tun daga nesa muke jin sa. Rafi ne ƙarami, wani wurin ma za ka iya tsallakewa, yana gangarowa daga dutse zuwa dutse, yana taruwa a 'yan gurabe kafin ya sake zubowa. Amma ruwan. Ni ban taɓa ganin irinsa ba ko a randa. Kowace tsakuwa a ƙasa kana ganinta da launinta. Baba ya tsaya cak a bakin gurbin farko. Mutum ne da ya yi rayuwarsa a ruwan da ba ka ganin gwiwarka in ka shiga, da ƙafa da hannu yake sanin inda kifi yake. Ya ce, "Habu, yau na ga gindin kogi."

Bitrus ya ce matsalar ke nan, yadda kake ganin kifin haka shi ma yake ganinka. Shi ya sa muka ga ƙato kamarsa ya durƙusa yana rarrafe bayan dutse kamar mai satar kaza. Kifin rafin nan tirawut suke kiransa, kuma ba ya zama sai a ruwan sanyi mai tsabta.

Na zaunar da Baba a kan wani faffaɗan dutse a bakin ruwa. A gurbin da ke samanmu akwai wata tsohuwar Baturiya, kanta fari fat, tsaye a ruwa har gwiwa. In ba ta girmi Baba ba to sa'arsa ce. Ta ɗaga sanda, zaren ya tashi ta bayanta ya miƙe, ya dawo ya kwanta a kan ruwa, ƙudan ya sauka ko alamar motsi bai yi ba. Ta sake, ta kuma sake. Na lura Baba ya daina kallon rafin, ita yake kallo.

"Wannan ta iya," ya ce.

Da ta gangaro ta gaishe mu, na fassara mata. Ta yi dariya ta ce mijinta ne ya koya mata, ya rasu, ita kuma ta kasa dainawa. Ta ce an sauya mata ƙashin ƙugu, likita ya hana ta hawa duwatsu, shi ya sa ba ta gaya masa. Na fassara wa Baba wannan ma. Ya dubi ƙafafunta a cikin ruwa, ya dubi kansa a zaune a kan dutse da babbar riga. Na san mahaifina. Abin da lallashi bai yi ba, na ga kunya tana shirin yi.

"Bitrus, kawo sandar nan."

Da hagu ya jefa. Na farko ya maƙale a reshe, na hau na ciro. Na biyu ya ɗauke hular Bitrus. Tsohuwar ta matso ta nuna masa da hannu cewa kada ya wahalar da kansa, ya miƙa sandar kawai ya saki ƙudan a bakin kumfa, ruwa ya tafi da shi. Ya yi hakan. Ƙudan ya biyo ruwa a hankali, ya zo gefen wani dutse, sai wani abu ya taso daga ƙasa ya ɗauke shi.

Sandar ta lanƙwashe. Ita irin wannan sanda hannu biyu take so, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya jawo zare. Na kai hannu zan taimaka.

"Kar ka taɓa."

Ya sunkuya ya kama zaren da haƙori. Ya ja da baki, ya danne da yatsan hagu, ya sake kamawa. Hula ta faɗi, gumi ya karyo masa duk da sanyin wurin. An daɗe ana wannan dambe, don duk abin da ya jawo sai kifin ya ƙwace rabi. Daga ƙarshe Bitrus ya sa 'yar koma ya tare shi, ya kawo gaban Baba, yana cikin ruwa.

Ba babba ba ne, da kaɗan ya fi tsawon tafin hannu. Amma ban taɓa ganin halitta an yi mata ado haka ba. Bayansa kore-kore ne da zane mai lanƙwasa kamar na lalle. A gefensa jajayen ɗigo, kowane an kewaye shi da shuɗi. Cikinsa launin manja, bakin fukafukansa kuma fari tas kamar an bi da alli. Baba ya ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya zana wannan, ya ɓoye shi a dutse inda ba mai gani."

Bitrus ya cire ƙugiyar. Tsohuwar ta ce a al'adarsu wanda ya kama shi ne yake saki. Na fassara ina jiran faɗa. Baba ya taɓe baki ya ce wannan ko miyar mutum ɗaya ba zai yi ba, a bar shi ya je ya girma. Ya sa hagu ya ture shi daga komar.

Kifin bai tafi ba. Ya juya cikinsa sama, ruwa ya fara jan sa. Damben ya yi masa tsawo, ya galabaita.

Baba ya cafke wutsiyarsa. "A'a. Ko dai a ci shi ko ya rayu. Mushe a banza ba da ni ba."

Tsohuwar ta durƙusa tana bayani da sauri, ina fassarawa. A riƙe shi a miƙe, a fuskantar da kansa inda ruwa ke zuwa, hannu ɗaya a wutsiya, ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, har ya farfaɗo. Baba ya gwada da hagu kaɗai, kan kifin ya yi ta faɗuwa gefe. Bitrus ya matso, tsohuwar ta riƙe masa hannun riga ta girgiza kai. Baba ya dubi kifin, ya dubi cinyarsa.

"Habu, sa min hannuna a ruwa."

Hannuna ya ce. Na ɗauko shi, da nauyi kamar ba na mai rai ba, na naɗe hannun rigar, na tura shi cikin ruwan a ƙarƙashin kifin. Sanyin ya ratsa ni har ƙashi. Na tallafe gwiwar hannun, sauran na bar masa. Ta cikin ruwan nan mai haske ina ganin komai. Na ga yatsun suna rawa. Na ga babban yatsa ya matsa kaɗan, sannan manuni, har suka yi wa kifin ɗan gurbi ya kwanta.

Kumatun kifin suka fara buɗewa suna rufewa, da farko da ƙyar, daga baya sosai. Baba yana yi masa magana ƙasa-ƙasa yadda ake yi wa jariri. Can sai wutsiyar ta kaɗa, ya fizge, muka ga inuwarsa ta shige ƙarƙashin dutse.

Baba bai cire hannun ba. Ya bar shi a ruwan yana kallonsa.

"Na ji shi," ya ce. "A tafin nan na ji bugunsa."

Na juya baya kamar ina neman hularsa, don ban so ya ga fuskata ba. Tsohuwar ba ta jira fassara ba, ta dafa kafaɗarsa ta hau gurbinta.

A hanyar dawowa Baba bai sauya ra'ayi ba, kada wani ya ce na ce. Har muka shiga Pennsylvania yana gaya wa Bitrus cewa mutanen da ke kama kifi su mayar suna buƙatar addu'a. Amma hannun yana kan gwiwarsa a buɗe, yana ta ƙoƙarin haɗa babban yatsa da manuni. Da muka hango benayen gari sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Likitar nan mai gashin ƙashi, tana nan dai?" Na ce tana nan. Maganar tikiti kuma ba ta sake tasowa ba.

Mun iso da sauran rana. Hadiza ta riga ta sanar, don haka a ƙofar bene muka tarar da matan, kowa da kwanonta.

"Baba, barka da hanya," in ji Hajiya Mariya. "To, ina rabonmu?"

Anti Fati ta riga ta kama hannun kula. Hadiza ta buɗe. Ruwan ƙanƙara ne a ciki da ledar gishiri tana iyo. Na fara kame-kame ina bayanin doka da lasisi, sai Baba ya katse ni.

"Na kama. Na sake shi."

"Kun sake shi, Baba?" Hajiya ta riƙe haɓa. "To wai girmansa ya kai yaya?"

Baba ya jingina sandarsa da bango. Ya ɗaga hagu zuwa ƙirji. Sannan daman ya taso daga gefensa, yana karkarwa, a hankali, yatsun rabi a buɗe, har ya zo daidai da ɗan'uwansa. Ya ware su ya tsayar.

"Kamar haka."

Hadiza ta saki murfin kular ta rufe fuska da mayafi. Ni da Bitrus muka dubi juna. Kifin bai kai rabin haka ba, amma babu wanda ya gyara masa.